Kafin Ka Sayi Akwatin Ɗaukar Sauti, Ƙirga Ƙofofinsa

Yawancin waƙoƙin Hausa na zamani, na fim ne ko na biki ko na siyasa, a kan fiyano ake gina kiɗansu, sannan a ɗora murya. Abin da a da sai an je situdiyo, yau matashi na iya yin sa a ɗakinsa da kwamfutar tafi-da-gidanka, fiyano da makirufo. Sai dai tsakanin kayan nan da kwamfuta akwai wani ƙaramin akwati da masu haɗa kiɗa ke kira saunkad. Aikinsa shi ne ya karɓi sautin da ke bin waya, ya ɗaga ƙarfinsa, ya mayar da shi lambobin da kwamfuta ke ganewa, sannan ya dawo da shi zuwa kunne. A wurin sayensa ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗi, don suna bin sunan kamfani, su manta da lissafin ƙofofin shigar sauti.

Lissafin kuwa ba wuya. Makirufo na cin ƙofa ɗaya, mai bakin XLR. Fiyano kuma bakinsa biyu ne, hagu da dama, domin an tsara sautinsa ya bazu ta ɓangarori biyu. Wanda ke son ya rera yana kaɗawa a lokaci guda, ƙofofi 3 yake buƙata. Akwatin Scarlett Solo na kamfanin Focusrite, wanda Rupert Neve ya kafa a Ingila a 1985, ƙofar makirufo ɗaya gare shi da ta kayan kiɗa ɗaya, don haka dole a tattara fiyanon ta waya guda, faɗinsa ya tafi. Scarlett 2i2 ya ishi wanda zai ɗauki kiɗa tukuna, daga baya ya ɗora murya, kuma haka aka fi yi. Mai son komai a tare kuwa sai ya nemi mai ƙofa 4, kamar Scarlett 4i4 ko Behringer UMC404HD.

Akwai kuma hanyar da ke rage wannan buƙata. Tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983, ba sauti yake aikawa ba, umarni ne kawai: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, na tsawon wane lokaci. Manhaja irin su FL Studio ko Cubase ce ke samar da sautin, kuma ana iya gyara kuskuren yatsa ba sai an sake kaɗawa ba. Fiyanon zamani na aika MIDI ta USB kai tsaye, wasu ma kamar Yamaha PSR-E373 har sautinsu suke turawa ta nan. Tsohon fiyano mai zagayayyen baki mai fil 5 shi ne ke buƙatar akwati mai ƙofar MIDI, wadda 4i4 ke da ita, 2i2 kuwa babu.

Ta fannin murya, a duba abu biyu. Makirufon situdiyo nau'in kwandensa ba ya aiki sai an ba shi wutar bolt 48 daga akwatin. Nau'in dainamik, kamar Shure SM58, bai damu da wannan wuta ba, kuma ya fi dacewa da ɗakin da ƙarar unguwa ke shiga, amma yana son akwati mai ƙarfin ɗaga sauti. Shure SM7B ma kusan desibel 60 yake nema.

Sai batun jinkiri. Idan mawaƙi ya ji muryarsa na dawowa a makare, baitin zai karkace. Maganinsa maɓallin sauraro kai tsaye, wanda ke mayar da murya kunne kafin ta shiga kwamfuta, da kuma ingantacciyar manhajar ASIO ta kamfanin da ya ƙera akwatin ga mai amfani da Windows. Manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali, irin su 192kHz, kada su ruɗi kowa. Faifan CD a kan 44.1kHz yake, aikin bidiyo kuma 48kHz, kuma ɗauka a kan bit 24 ta wadatar.

A ƙasarmu wutar lantarki ma na cikin lissafi. Akwatin da ke shan wuta ta USB zai ci gaba da aiki da batirin kwamfuta ko an ɗauke wuta. Idan kuma aka ji gurnani a ƙarƙashin sauti lokacin da janareta ke aiki, a zare cajar kwamfuta a sake gwadawa, sau da yawa daga nan yake. Abin da ya rage na kuɗi bayan an sayi akwati mai isassun ƙofofi, gara a zuba shi a makirufo mai kyau da labule mai kauri da zai hana murya amsa-kuwwa a bango.