Tarwadar Kogi da Tarwadar Tanki: Jinin da Ke Cakuɗewa a Ƙasar Lafia

Duk mai cefane a kasuwar Lafia ya san tarwada biyu ce: ta kogi, wadda ake kamowa a Binuwai da Mada, da ta kiwo mai kitse, wadda ta tashi a tanki. A ido kifi ɗaya ne. A ƙwayoyin gado kuwa, akwai rata.

Tarwadar kogi dangi-dangi ce. Wadda ke tafkin fadama ba ta gamuwa da ta babban kogi sai damina ta kankama, ruwa ya malale ciyayi, a nan suke barbara. Haka jini ke yawo, kowane dangi da abin da ya gada: wannan ya jure zafi, wancan ya jure cuta. Madatsa irin ta Doma kan yanke wannan zumunci, na sama su yi ta auren gida. Koma mai ƙananan ido da gubar Gamalin kuma suna rage masu haihuwa.

Amma a ganina babbar ɓarakar tana wurin masu ƙyanƙyasa. Dubi yadda ake yi: a yi wa mace allura, a matso ƙwanta a roba, a farke cikin namiji ɗaya a tatso maniyyinsa a kai, a gauraya da gashin kaza. Dubban 'ya'ya ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya. Baɗi a zaɓi iyaye daga cikinsu. Shi ya sa ake ganin masu karkataccen baya da waɗanda ke cin abinci ba girma. Ga irin ƙasar Holan da aka shigo da shi, ga ruwa-biyun tarwada da ramboshi da ake haɗawa don saurin girma.

Da a tanki suke tsayawa, da sauƙi. Ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da Binuwai ya cika ya batse, ta kwashe kududdufan kiwo da dama ta juye a kogi. Kifin da ya tsere ba ya dawowa, jininsa kuma ba ya tatuwa.

Asarar ta mai kiwo ce kafin ta masunci, domin duk ranar da irinsa ya lalace, zai koma kogin neman sabo. Ya kamata masana a Jami'ar Tarayya ta Lafia da tsangayar noma ta Shabu su tantance dangogin tarwadar Mada da Binuwai tun da sauransu.