Waƙa Tana Taimakon Wanda Ɓarin Jikinsa Ya Shanye

Darasinmu na yau a kan shanyewar ɓarin jiki ne, da yadda waƙa ke taimakon majinyaci.

Wannan ciwo ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa. Babban mafarinsa hawan jini, wato tansiyo. In kuka ga bakin mutum ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ku kai shi likita nan take. Kada a tsaya yin turare. Aikin waƙa sai bayan an sallamo shi.

Ƙwaƙwalwa ɓari biyu gare ta. Ɓarin hagu shi ke motsa hannu da ƙafa na dama, kuma ga yawancin mutane nan magana take. Shi ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa magana ke ɗauke masa. Amma waƙa, ɓarin biyu duka ke aikinta. Sai ka ga tsohuwa ta kasa kiran sunan jikanta, amma in aka ɗauko waƙar daka ta amsa.

Likitoci sun lura da wannan. A 1973, a birnin Boston na Amurka, aka fito da dabarar koya wa majinyaci magana ta hanyar rerawa. A 2008 kuma, a Helsinki ta ƙasar Finlan, aka bayyana gwajin da aka yi da majinyata 60. Waɗanda suka riƙa sauraren waƙar da suke so kullum sun fi sauran farfaɗowa wajen riƙe magana da tara hankali.

To, ga abin da mai jinya zai yi a gida:

1. Ku zaɓi abin da ya saba ji tun yana lafiya, ko waƙar noma, ko ta bege, ko gurmi. Ya saurara kamar awa 1 a yini, ba da ƙara ba.

2. Ku ɗauki gajeriyar magana, kamar "ina son ruwa". Ku rera ta a hankali tare da shi, kuna ɗan bugun hannunsa na hagu a kowace gaɓa. In ya kama, ku rage murya ya ƙarasa shi kaɗai.

3. In likita ya yarda ya fara takawa, ku riƙa tafi daidai wa daida, ya aza ƙafa bisa kowane tafi. Wani ya tsaya kusa don kada ya faɗi.

In ya gaji a bar shi. Kada yara su yi masa dariya, hankalinsa na nan. Kada kuma a daina maganin tansiyo, don ciwon yana komowa. Sauƙi yakan ɗauki watanni, sai haƙuri.

Tambaya ga masu saurare: akwai mai wannan ciwo a garinku? Wace waƙa yake so? Ku tattauna da malaminku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.