Dirowa Daga Jirgin Sama Don Nishaɗi: Wasa Biyu Da Ake Yi Wa Kuɗin Goro

A shagunan cajin waya da teburan masu shayi na Gummi da Anka da Bukkuyum, ba a rasa ganin matasa sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon wani mutum da ya tsaya a ƙofar jirgin sama a buɗe, ya leƙa ƙasa, ya saki jikinsa. A wani bidiyon kuma a kan tsauni mutumin yake, sanye da wata riga da aka ɗinke tsakanin hannuwanta da ƙafafunta da yadi, ya faɗo ya riƙa shafar gefen dutse yana wucewa. Hukuncin 'yan kallo ba ya wuce ɗayan biyu: ko dai ganganci ne, ko kuwa mutumin ya gaji da duniya. Wannan hukunci ya kusa da gaskiya a kan na biyun, amma bai yi wa na farkon adalci ba. Wasanni ne biyu mabambanta, kuma tazarar haɗarin da ke tsakaninsu mai girma ce ƙwarai.

Mu fara da na jirgi. Ƙaramin jirgi ne ke ɗaukar masu dirowa ya hau da su sama har kusan mita 4,000, wato kilomita huɗu. Da mutum ya fita, gudunsa zai yi ta ƙaruwa na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyu, sai ya tsaya a wajen kilomita 200 a awa ɗaya, in rub-da-ciki yake faɗowa da hannuwa a buɗe. Dalili shi ne iskar da yake ratsawa tana tokare shi daidai da yadda nauyinsa ke jan sa. Duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota a kan hanyar Gummi zuwa Sakkwato ya san yadda iska ke zama abu mai kauri, da yadda ɗan karkata hannu ke sa ta ɗaga shi ko ta danne shi. Da haka mai dirowa ke juya jikinsa dama da hagu, ya matsa gaba, ya ja baya, har ya kamo hannun abokinsa a sararin sama. A shekarar 2006, a Udon Thani ta ƙasar Tailan, mutum 400 suka kama juna a lokaci guda suna faɗowa.

Faɗuwar ba ta wuce kimanin minti ɗaya. Idan ya rage mita 1,000 zuwa 1,500 a kai ƙasa, mai dirowa zai kai hannu ƙasan jakar da ke bayansa ya fizgo wata 'yar ƙaramar laima ya jefa ta cikin iska, ita kuma ta janyo babbar. Daga nan sai 'yan mintoci na shawagi a natse.

Laimar yanzu ba mai zagaye ba ce irin ta finafinan yaƙi. Doguwa ce mai kusurwa huɗu, an ɗinka ta shafi biyu, sama da ƙasa, an rarraba tsakaninsu aljihu-aljihu, bakin kowane aljihu a buɗe ta gaba. Iska na shiga sai ta kumbura ta zama fiffike. Wani ɗan asalin Kanada mai suna Domina Jalbert ne ya ƙirƙiro wannan siffa a shekarun 1960. Akwai igiya biyu masu mariƙi, ta dama da ta hagu. A ja ɗaya a juya, a ja duka biyun dab da ƙasa laimar ta rage gudu mutum ya taka da ƙafarsa.

Abin da bidiyo ba ya tsayawa ya nuna shi ne cikin jakar. Laima biyu ce a ciki, babba a ƙasa, ta ko-ta-kwana a sama. A ƙirjin mai dirowa ta dama akwai mariƙin da in ya ja shi, babbar laimar da ta harɗe za ta rabu da shi gaba ɗaya. Ta hagu kuma akwai wanda ke buɗe ta biyun. A wuyan hannunsa akwai ma'aunin tsawo mai kama da agogo, a cikin hular kwanonsa kuma sau da yawa akwai wani da ke ƙara a kunne idan lokaci ya yi. Laimar ko-ta-kwana ba kowa ke naɗe ta ba. A Amurka doka ta ce sai ƙwararren da ke da lasisi, kuma dole a warware ta a duba a sake naɗewa duk kwana 180, ko da ba a taɓa amfani da ita ba. Shi wannan ƙwararre rabin aikinsa na tela ne: keken ɗinki, zare mai ƙarfi, duba kowace igiya da kowane ɗinki, sannan ya sa hatiminsa ya rubuta kwanan wata a kati.

Akwai kuma wata 'yar na'ura da ke ɓoye a cikin jakar, wadda ta ceci rayuka masu yawa. Wani Bajamushe, Helmut Cloth, ya fito da ita kasuwa a 1991 da sunan Cypres, bayan ya rasa abokinsa a wannan wasa. Aikinta auna tsawo da gudu. Idan mutum ya kai kimanin mita 225 daga ƙasa kuma har yanzu yana faɗowa da gudun wanda bai buɗe laima ba, ko suma ya yi ko ruɗewa, za ta datse igiyar da ta ɗaure laimar ko-ta-kwana da kanta.

Sakamakon wannan tsari ana ganinsa a alƙaluma. Ƙungiyar masu dirowa da laima ta Amurka ta ce a 2023 an yi dirowa kusan miliyan 3.65 a ƙasar, mutum 10 suka mutu. Wato mutuwa ɗaya a cikin dirowa 365,000. Rai goma ba abin wasa ba ne, amma wanda ya san yadda manyan hanyoyinmu ke cin mutane zai fahimci ma'anar wannan adadi. Abin lura kuma shi ne, da yawa daga cikin haɗurran ba daga ƙin buɗewar laima suke zuwa ba. Gwanaye ne ke zaɓar ƙaramar laima mai tsananin gudu, su yi juyi kusa da ƙasa don burgewa, su kasa daidaitawa.

Sabon shiga ba a barinsa shi kaɗai. Yawanci ana ɗaure shi a gaban malami da ƙugiyoyi huɗu, laima ɗaya ta ɗauke su duka, malamin ne ke yin komai. Wanda ke son koyo sosai zai shafe yini a aji, sannan ya fara dirowa da malamai biyu riƙe da shi ta kowane gefe, a bi mataki-mataki. A tsarin Amurka sai ya cika dirowa 25 kafin ya sami lasisin farko.

Sha'awar tashi sama daɗaɗɗiya ce, kuma Musulmi suna da nasu kaso a tarihinta. Masanin tarihi al-Maƙƙari ya kawo labarin Abbas ibn Firnas, malamin Ƙurɗuba ta Andalus a ƙarni na tara, wanda ya ɗaura fukafukai ya yi shawagi na ɗan lokaci, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka saboda bai yi wa kansa wutsiya ba. A ranar 22 ga Oktoba 1797, André-Jacques Garnerin ya sauko da laimar siliki daga balan-balan a sararin birnin Faris ya tsira. A wannan birni ne kuma, ranar 4 ga Fabrairu 1912, wani tela mai suna Franz Reichelt ya hau hasumiyar Eiffel da wata riga da ya ɗinka yana fatan za ta zama laima. An ba shi shawara ya gwada da mutum-mutumi, ya ƙi. Ya faɗo daga hawa na farko ya mutu nan take, ana ɗaukarsa da kyamara.

Rigar fukafukai ta zamani jikar waccan riga ce, sai dai an gina ta a kan ilimin laima mai aljihuna. Wani Bafaranshe, Patrick de Gayardon, ya inganta ta a tsakiyar shekarun 1990, ya kuma rasa ransa a Hawai a 1998 sanadiyyar wani gyara da ya yi wa jakar laimarsa. A 1999 Jari Kuosma na ƙasar Finlan da Robert Pečnik na Kuroshiya suka fara ɗinka ta don sayarwa. Fiffike uku gare ta, biyu a ƙarƙashin hannuwa, ɗaya tsakanin ƙafafu, dukansu iska ke hura su. Gwani yakan yi tafiyar mita uku gaba a duk mita ɗaya da ya sauko, faɗuwar minti ɗaya ta koma minti biyu ko uku. Amma rigar ba ta sauke mutum. Gudunsa na gaba ya wuce kilomita 150 a awa, dole a ƙarshe ya buɗe laima. Gary Connery ya sauka ba tare da buɗe ta ba a Ingila a watan Mayu 2012, sai dai a kan tarin kwalaye fiye da 18,000 da aka jera masa ya faɗa. Shi ya sa ƙungiyar Amurka ta gindaya cewa sai mutum ya yi dirowa 200 ta al'ada kafin ya sa wannan riga.

Inda labarin ke baƙi shi ne lokacin da aka bar jirgi aka koma kan tsauni, ko dogon gini, ko gada. Ba'amurke Carl Boenish ne ya yayata wannan salo daga 1978, shi ma a wani tsaunin Norwe ya mutu a 1984. Mai irin wannan tsalle laima ɗaya yake goyawa, domin babu lokacin buɗe ta biyu. Likitoci a Norwe sun ƙididdige tsalle 20,850 da aka yi daga dutsen Kjerag tsakanin 1995 da 2005, suka sami mutuwa 9, wato ɗaya a cikin kusan 2,300. A kwatanta da ɗaya cikin 365,000. Idan kuma aka haɗa da rigar fukafukai da bin gefen dutse da tazarar 'yan mitoci, haɗarin ya ƙara ninkuwa. Dean Potter, ɗaya daga cikin fitattun masu tsalle daga tsauni, ya mutu tare da abokinsa a Yosemite ta Amurka a watan Mayu 2015, kuma a 2016 kaɗai an rasa fiye da mutum 30. Mafi yawansu ba 'yan koyo ba ne. Abin takaici, irin waɗannan bidiyoyi ne suka fi yawo a waya, kuma ba a rubuta a jikinsu wane ne cikin jaruman ke raye har yanzu. Malamanmu sun sha jan kunne a kan jefa kai cikin halaka, kuma da wuya a sami wanda zai ce wannan salo bai shiga ƙarƙashin gargaɗin ba.

A ƙasar Hausa, dirowa da laima aikin soja ne. A Jaji, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, makarantar sojan ƙasa na horar da sojan laima. Tasu dirowar daban ce: daga ƙasa-ƙasa ake fita, mita 300 zuwa 400, igiyar da ke maƙale a jikin jirgi ce ke buɗe laimar, manufar kuma a isa ƙasa da wuri da kaya da makami. A Nijar ma Ibrahim Ba'are Mainasara ya taɓa jagorantar rundunar sojan laima ta Yamai tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1996. Matashin da ke son sana'ar jirgi kuwa, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tana nan tun 1964. Farar hula mai son ɗanɗanawa sai ya yi tafiya: Swakopmund a Namibiya, Beni Mellal a Maroko, wurare da dama a Afirka ta Kudu, ko Dubai, inda 'yan kasuwarmu ke zirga-zirga, inda dirowa ɗaya tare da malami a saman tsibirin nan mai siffar dabino ta haura dirhami 2,000.

In don fili ne, yammacin Zamfara ba ta rasa ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kuma bayan an cire amfanin gona akwai sarari mai faɗi daga Anka har fadamun Gummi. Sararin sama ne ke da sharuɗɗa. Mai dirowa sai ya ga ƙasa da idonsa kafin ya fita, don haka hazon hunturu na Disamba da Janairu zai hana. Hadarin damina da iskar da ke gabansa sun fi haka haɗari, tunda ɗalibi ba a barinsa ya tashi idan iska ta wuce kimanin kilomita 22 a awa. Sama da duka akwai matsalar tsaro. A watan Maris 2021, bayan sace ɗaliban Jangebe, gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin jihar tare da hana haƙar ma'adinai. Mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum idan suka ji ƙarar jirgi a yau, ba wasa ne ke zuwa musu a rai ba.

Abu ɗaya da ya kamata iyaye da yayye su sani tun yanzu shi ne yara ma suna kallon waɗannan bidiyoyi, kuma yaro akwai kwaikwayo. Laimar ɗalibi faɗinta ya kai murabba'in mita 20 ko fiye, kuma tana buƙatar faɗuwar ɗaruruwan mita kafin ta gama buɗewa. Laimar ruwa ba ta fi murabba'in mita ɗaya ba, ƙarafunanta kuma juyewa suke yi da zarar nauyi ya ja su. Zanin gado ko buhu ko leda ba za su rage gudun yaron da ya diro daga kan soro ko reshen mangwaro da komai ba, kuma faɗuwar mita uku ta isa ta karya ƙafa ko ƙashin baya.