Koyar da Wasannin Shekisfiya da Adon Harshe a Makarantun Sakandare na Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zaɓi darasin adabin Ingilishi a babbar sakandare ba shi da makawa sai ya haɗu da Wiliyam Shekisfiya (1564–1616). Hukumar WAEC takan zaɓi wasansa guda ɗaya a yi shekara biyar ana karantawa: The Tempest daga 2011 zuwa 2015, Othello daga 2016 zuwa 2020, A Midsummer Night's Dream daga 2021 zuwa 2025, sai kuma Antony and Cleopatra wanda aka fara jarrabawa a kansa a 2026. A takardar farko ta jarrabawar, mai tambayoyi 50, guda 20 daga wannan wasa ɗaya suke fitowa. Akan tsakuro ɗan yanki ne a tambayi wa ya yi maganar, da wa yake yi, da kuma irin adon harshen da ke ciki. Saboda haka ɗalibin da ya haddace taƙaitaccen labarin wasan kawai, daga ƙananan littattafan nan da ake sayarwa a bakin makarantu, yakan tarar an tambaye shi abin da bai taɓa gani ba.

Wannan maƙala tana duba hanyar koyar da adon harshe ne a azuzuwan Maiduguri. Ra'ayinta shi ne, ɗalibi ya san adon harshe tun kafin ya shigo aji, a harshen da yake ciniki da barkwanci da shi, kuma daga nan ya kamata darasi ya tashi.

2.0 Ajin da Malami ke Tararwa

Aji a Maiduguri ya bambanta da aji a Kano ko Katsina. A benci ɗaya za a iya samun Babarbare da Bashuwa da Babur da Margi da Bahaushe. Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwar Gamboru da filin ƙwallo, amma ga da yawansu harshe na biyu ce, Ingilishi kuwa na uku ne, ko ma na huɗu ga wanda ya yi nisa a Larabci. Ingilishin Shekisfiya kuma na shekara 400 da suka wuce ne, wanda 'ya'yan Ingila kansu sai da sharhi suke gane shi.

Akwai kuma giɓin karatu. A watan Maris na 2014 aka rufe makarantun sakandare na gwamnati a Jihar Borno saboda hare-haren Boko Haram, wasunsu suka koma matsugunan 'yan gudun hijira, ba a buɗe su ba sai a 2016. Waɗanda suka dawo aji a wannan shekarar, da Othello suka yi karo. Ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta sake dakatar da karatu a birnin. Malamin da ya buɗe darasi da rubuta ma'anonin kalmomin fannu goma sha biyar a allo, ya ce a kwafa a haddace, ya ɗauka ke nan ɗalibansa suna da tushen karatun da mafi yawansu ba su samu ba.

3.0 Daga Sananne Zuwa Baƙo

Nazarin adabin Hausa yana da nasa kalmomin fannu da suka zauna. Aikin Abdulƙadir Ɗangambo a kan feɗe waƙa ya yaɗa irin su kamantawa da siffantawa da jinsintarwa da alamtarwa, kuma ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya taimaka wajen daidaita kalmomin nazari. Ɗalibin da ke ɗaukar darasin Hausa ya riga ya ji su. Wanda ya fito daga Islamiyya ko zauren wani malami, abin da Borno ta shahara da shi tun zamanin sarakunan Saifawa, mai yiwuwa ya ji tashbihi da isti'ara a fannin balaga. Abu ɗaya ake kira da sunaye uku a ɗakuna uku, ɗalibi kuwa yana zaton fannoni uku ne.

Alal misali, malami ya tambayi aji bambancin a ce wa mutum "yana da ƙarfi kamar giwa" da a ce masa "kai giwa ne". Kowa zai ji cewa ta biyun ta fi nauyi, domin an cire kalmar "kamar" an mai da mutumin giwar kanta. Ta farko kamantawa ce, ta biyu siffantawa. Sai ya nemi Babarbare da Bashuwa su kawo irin wannan daga kirarin gidajensu, su fassara wa aji. A nan ɗalibi ne mai ilimin, malami na saurare. Sai bayan an tara misalai biyar ko shida a allo za a ba da sunan Ingilishi, sa'annan a buɗe littafi a nemo irinsa.

Wasan Antony and Cleopatra ya dace da wannan hanya ƙwarai. A fitowa ta biyu ta kashi na biyu, wani sojan Rum yana ba abokansa labarin ranar da sarauniyar Masar ta zo cikin jirgin ruwa don ganawa da Antoni. Ya zayyana zinariya da azurfa da ƙamshin turare, har ya mai da iska da ruwa masu jin so kamar mutane. Duk yaron da ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Shehu ranar hawan salla ya ji yadda maroƙa ke kambama doki da mahayinsa, ya san wannan salo. Ga zayyana, ga kambamawa, ga mutumtarwa a wuri guda. Tambayar da ta fi amfani kuwa ita ce: me ya sa marubucin ya sa wannan yabo a bakin soja mai kaushin harshe, wanda ba ya cikin masu fadanci? Ɗalibin da ya iya amsa wannan ya fara nazari.

Haka nan dabarar nan ta wasan kwaikwayo inda 'yan kallo suka san abin da ɗan wasa bai sani ba. A Othello, jarumin yana ta yaba amanar Iyago alhali masu kallo sun ji shi yana ƙulla masa sharri. Ma'anarta a Ingilishi takan rikita ɗalibai, amma sun san ta tun suna ƙanana: a tatsuniya, yara na dariya ne domin sun san Gizo yaudarar Kura yake yi, ita kuwa tana gode masa.

4.0 Inda Hanyar ke Tsayawa

Ba ko'ina kwatancin ke tafiya ba. Karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake, wato gajera da doguwa, bisa tsarin arulin Larabci. Na Ingilishi kuwa a kan ƙarfin furuci yake, wata gaɓa a danna ta, wata a sassauta. Malamin da ya ce wa ɗalibai abu ɗaya ne ya ɓatar da su. Wannan sai da kunne: a karanta baiti da ƙarfi, ana buga tebur a kan gaɓoɓi biyar da ake dannawa a kowane layi.

Fassara ma tana da iyaka. Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night da sunan Daren Sha Biyu a 1971, Bala Abdullahi Funtuwa kuma ya mai da Animal Farm na Joj Owel zuwa Gandun Dabbobi a 1975. Suna da amfani wajen nuna wa ɗalibi yadda ake sauya wa labari riga, amma jarrabawa da Ingilishi ake rubuta ta, kuma kalmomin marubucin ake tambaya. Minti goma na farkon darasi sun isa ga harshen gida. Sauran lokacin na matanin ne, a raba wa ɗalibai matsayi su tashi su karanta, ko da littafi ɗaya ne a tsakanin mutum huɗu.

Abin da ya rage yana hannun masu tsara manhaja. Malamin Ingilishi da na Hausa suna zama a ɗakin malamai ɗaya, amma manhajojinsu ba su san da juna ba, kuma ba kowane malamin adabin Ingilishi a Maiduguri ya yi nazarin Hausa ko Barbarci ba. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da Ingilishi da Hausa da Barbarci da Larabci, kuma Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim na horar da malamai a cikin birnin. Malaman waɗannan wurare za su iya fitar da jadawali mai shafi biyu ko uku, wanda ya jera kowace dabara da sunanta da misali ɗaya a harsunan huɗu, a liƙa shi a jagoran malami na ajin farko na babbar sakandare, a kuma daidaita zangon da ake koyar da adon harshe a darussan biyu ya zo lokaci ɗaya.