Bayani: Abin da littattafan tarihin rayuwa ke fallasawa kan tsangwamar yara a makaranta

A Rikkos da ke Jos ta Arewa, kamar sauran unguwannin Hausawa, da wuya a jefi yaro da kalmar da ta fi "ɗan daudu" zafi. Sau da yawa laifinsa bai wuce siririyar murya, ko yawan kunya, ko ƙin buga ƙwallo ba. Da zarar sunan ya bi shi, sai tsokana ta koma duka, shi kuma ya kasa kai ƙara gida don gudun abin kunya.

Wasu 'yan Najeriya da suka tashi da sha'awar jinsinsu sun rubuta tarihin rayuwarsu kan abin da suka fuskanta. Ɗan jarida Chike Frankie Edozien, wanda ya tashi a Legas, ya wallafa Lives of Great Men a 2017, littafin kuma ya ci kyautar Lambda a Amurka a 2018. A 2020, Unoma Azuah, wadda mahaifinta Tibi ne mahaifiyarta kuma 'yar ƙabilar Ibo, ta fitar da Embracing My Shadow, inda ta ba da labarin cin zarafi da wariyar da ta sha tun tana ƙarama. Darajar irin waɗannan littattafai ita ce suna nuna lamarin daga ɓangaren wanda aka zalunta, ɓangaren da iyaye da malamai ba su cika ji ba.

Dokar da shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kuma yawancin malaman addinan Musulunci da Kirista sun goyi bayanta. Sai dai hukunci aikin kotu ne. Sashe na 11 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya haramta cutar da kowane yaro a jiki ko a zuciya, ba tare da ware wani ba.

Rahoton hukumar UNESCO na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali cikin wata guda, kuma kamannin yaro ne babban dalilin da ake fakewa da shi. Yaron da ya fara ƙin zuwa makaranta, ko ya daina walwala, yana buƙatar a zaunar da shi a saurare shi kafin a yi masa faɗa.