Ido Ba Mudu Ba: Cinikin Tsohon Jirgin Kamun Kifi na Alminiyam

Gabatarwa

Ciniki wani fanni ne na rayuwar Hausawa mai kalmominsa da ladubbansa da matakansa, waɗanda yaro kan fara koyo tun ranar da aka soma aikensa kasuwa. Idan aka ambaci ciniki, abin da kan fara zuwa a rai shi ne na hatsi ko tufafi ko dabba. A wannan maƙala kuwa za a dubi cinikin wani kaya da ba a saba kawo shi misali ba, watau tsohon jirgin kamun kifi na alminiyam. Dalilin zaɓensa shi ne, masunci kan zuba kusan dukkan jarinsa a kan jirgi, sa'an nan ya ɗora ransa da na yaransa a ciki. Wanda aka cuta a cinikin riga ya yi hasarar kuɗi kurum, amma wanda aka cuta a cinikin jirgi yana iya rasa abin da ya fi kuɗi. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, a cinikin tsohon kaya, aibin da mai saye ya gano, ya nuna, ya kuma san kuɗin gyaransa, shi ne ke saukar da farashi. Iya baki yana biyo bayan wannan.

Jirgin da ake magana a kansa

Akasarin jiragen masunta a Yawuri da tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, da kuma tafkin Cadi, na katako ne. Jirgin alminiyam baƙo ne a ruwayenmu. Ya yaɗu ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da masana'antun jiragen sama suka nemi abin da za su yi da ƙwarewarsu a kan wannan ƙarfe. Kamfanin Grumman ya fara sayar da kwalekwalen alminiyam a 1945, kamfanin Lund na jihar Minesota kuma ya soma ƙera nasa jiragen a 1948.

Alminiyam, wanda Hausawa suka sani a jikin tukwane da cokula, nauyinsa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, saboda haka jirginsa ba ya wuyar ja zuwa gaɓa, ba ya kuma shan mai da yawa. Ba ya ruɓewa kamar katako, ba ya yin jar tsatsa kamar baƙin ƙarfe. Ana ƙera jirgin iri biyu: akwai wanda ake haɗa fallayensa da ƙusoshin ribit, akwai kuma wanda ake haɗawa da walda. Wannan ƙarko nasa shi ya sa jirgi guda kan ratsa hannaye da dama, kowane hannu kuma da irin tabon da yakan bari.

Matsalar tsohon kaya

Sabon kaya farashinsa sananne ne, kowa na iya tambaya a kanti. Tsohon kaya kuwa mai shi ya san tarihinsa, mai saye bai sani ba. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin wannan matsala a 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci, aikin da ya sa ya shiga cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2001. Ya nuna cewa idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, zai riƙa yin tayi ƙasa-ƙasa don tsoron faɗuwa, masu kaya nagari su janye nasu, kasuwa ta cika da rubabbu. Haka kuma Clifford Geertz, wanda ya nazarci kasuwar garin Sefru a Maroko, ya bayyana a 1978 cewa babban aikin mai ciniki a irin wannan kasuwa shi ne neman labarin kaya, ja-in-ja a kan kuɗi kuma hanya ce ta tono wannan labari.

Hausawa sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke cewa ba a cinikin biri a sama. Jirgin da ke kan ruwa, cikinsa a rufe da taru da koma, bai bambanta da birin da ke kan reshe ba. Sai an sauko da shi kafin a yi maganar kuɗi.

Duba kafin tayi

Abu na farko shi ne a jawo jirgin tudu, a kwashe kayan cikinsa, a ɗora shi a kan itatuwa, a zuba masa ruwa gwargwado, a zauna a ga inda zai ɗiga. Kowace ƙusa da ta tsiyaya a yi mata alama da alli, a ƙidaya. Ƙusar da ta saki sau da yawa takan bar baƙin zane a gefenta. A jirgin walda kuwa, sai a bi layin waldar ana neman tsaga, musamman a kusurwoyin baya inda girgizar inji ta fi tsanani. Wannan na da muhimmanci domin waldar alminiyam tana bukatar na'ura ta musamman da iskar agon, ba kowane mai walda na bakin titi ke da su ba, saboda haka gyaran na da tsada, wani lokaci ma sai an kai jirgin wani gari.

Abu na biyu shi ne cin ƙarfe. Ko da yake alminiyam ba ya jar tsatsa, idan ya daɗe yana gugar tagulla ko jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe a cikin ruwa, sai ya riƙa cinyewa, ya fitar da farin gari, ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana. Abin ya fi muni a ruwan gishiri, don haka jirgin da ya yi aiki a gaɓar teku ya fi bukatar bincike. Sabon fenti ko kwalta a ƙarƙashin tsohon jirgi abin tambaya ne, domin a nan ake ɓoye irin waɗannan ramuka.

Abu na uku shi ne bangon baya inda ake ɗaura inji. A jirage da yawa akwai katako a cikin wannan bango, kuma yakan ruɓe a ɓoye alhali alminiyam ɗin da ya rufe shi yana ƙyalli. Ana gane haka idan aka kama injin aka jijjiga: bango mai lafiya ba ya lanƙwasa.

Abu na huɗu shi ne injin kansa, wanda sau da yawa ya fi gangar jirgin daraja. Injinan Yamaha masu ƙarfin doki 15 da 25 da 40 sanannu ne a ruwayen Afirka ta Yamma, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu, abin da ke ƙara musu kima. A nemi a tayar da injin da sanyinsa, domin wanda aka ɗumama kafin zuwan mai saye yana iya ɓoye wuyar tashi. A duba ko yana fesar da ruwan da ke sanyaya shi. A kwance man giya a gani: idan ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. A dubi farfela ko ta lanƙwashe. Daga ƙarshe a hau ruwa da shi da kaya irin wanda za a riƙa ɗauka, domin gani ya kori ji.

Iyakoki biyu na farashi

Bayan duba, mai saye yana bukatar sanin iyakoki biyu da farashi ke yawo a tsakaninsu. Iyakar ƙasa ita ce kuɗin da 'yan gwangwan za su biya idan aka auna jirgin a sikeli, tun da alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, masu zubin tukwane kuma kullum nemansa suke yi. Mai jirgi ya san wannan, ba zai sallama ƙasa da haka ba, tayin da ya gangara kusa da nan kuwa tayin wulaƙanci ne da ke ɓata ciniki tun daga farko. A nan jirgin alminiyam ya bambanta da na katako, wanda idan ya mutu sai dai a yi makamashi da shi.

Iyakar sama kuma ita ce kuɗin abin da zai maye gurbinsa, watau sabon jirgin katako mai girmansa da injin da zai tura shi, ko wani tsohon jirgin da ke kasuwa. Mai saye ya ɗauki kuɗin da jirgi lafiyayye irin wannan zai yi, ya cire kuɗin gyaran da ya ƙidaya da na dako, abin da ya rage shi ne iyakarsa, wadda zai riƙe a zuciya ba tare da ya furta ba. Lokaci ma yana da nasa tasiri. Wanda ya zo saye ana gab da kakar kifi, bukatarsa a fili take, wanda kuma ke sayarwa don biyan bashi ko wata hidima ta gida ba ya iya dogon jira.

Matakan ciniki da kalmominsa

A al'adar Hausawa ba a faɗa wa ciniki kai tsaye. Gaisuwa ce farko, sa'an nan tambaya ko kayan na sayarwa ne. A manyan kaya irin su dabba da gona da jirgi, mai kaya yakan ce a taya, domin ya auna sanin mai saye, shi kuma mai saye yakan nemi a sa wa kayan suna. Idan tayi bai kai ba, ba a cewa an ƙi, sai a ce albarka, kalmar da ke ƙin tayin ba tare da ta kori mai tayin ba. Ga misali, a ƙaddara cewa adadin da aka ambata ma'auni ne kawai:

Mai saye: Baba, jirgin nan na sayarwa ne?
Mai jirgi: In an sami mai saye, ɗana. Taya mana.
Mai saye: Haba Baba, kai ne babba, sa masa suna.
Mai jirgi: Da injinsa, 100.
Mai saye: Baba, tare muka zuba ruwa, ka ga ƙusa 12 suna tsiyaya, bangon baya kuma ya yi laushi. Mai gyara ya ce sai an kashe 15. Na saya 68.
Mai jirgi: Albarka. Injin nan kaɗai ya fi haka, kai ma ka ji tashinsa.
Mai saye: Gaskiya ne, inji ba shi da laifi. Na ƙara 7.
Mai jirgi: Cika 80, in bar maka tankin mai da filafilai.
Mai saye: Na saya.
Mai jirgi: Na sallama. Allah ya amfana.

Abin lura a nan shi ne, mai saye bai kushe jirgin gaba ɗaya ba. Ya ambaci aibin da su biyu suka gani, ya sa masa kuɗi, ya kuma amsa gaskiyar mai jirgi game da inji. Kushe na ƙarya yana nuna wa mai kaya cewa mai saye bai san abin da yake dubawa ba. Har ila yau, da ciniki ya kusa faɗawa, sai ragi ya koma gyara, watau ƙarin kaya maimakon rage kuɗi, kamar yadda mai awo kan ƙara ɗan hatsi a kan mudu. Ta haka kowa ya tashi da mutuncinsa.

Dillali, shaidu da hukunci

Inda mai saye baƙo ne, dillali ke cike giɓin sani. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 game da Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya dogara a kan masu gida da dillalai waɗanda sunansu ne jarinsu. Sai dai la'adar dillali tana samuwa ne idan ciniki ya faɗa, saboda haka shaidarsa ba ta ɗauke wa mai saye nauyin dubawa da idonsa. Ya kamata kuma a san tun farko wanda zai biya la'adar.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a ƙasar Hausa ya yi tanadi a kan wannan matsala. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta hana algus da ɓoye aibi, ta ba wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi zaɓin riƙe kaya ko mayarwa, ta kuma halatta ciniki bisa sharaɗin ɗan lokaci na gwaji. Aibin da mai saye ya gani ya yarda da shi kuwa ba ya dawo da ciniki, daidai da karin maganar nan cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Saboda haka ya dace a ƙulla ciniki a gaban shaidu, kamar Sarkin Ruwa ko wakilinsa, a rubuta lambar inji da abin da aka biya da aibin da aka bayyana. Jiragen da aka ƙera a Amurka tun daga 1972 suna ɗauke da lamba mai harufa da alƙaluma 12 a bangon baya, ita ma a rubuta ta. Wannan takarda ce za ta kare mai saye idan jirgin ko injin ya zama na sata, za ta kuma yi amfani wajen rajista da hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja.

Kammalawa

An ga cewa cinikin tsohon jirgi yana farawa tun kafin a ambaci kuɗi, watau daga lokacin da aka jawo shi tudu aka zuba masa ruwa. Kalmomin taya da albarka da gyara da sallama suna kiyaye mutuncin masu ciniki, amma nauyin da ke bayan kowane tayi yana fitowa ne daga abin da aka gani aka ƙidaya. Akwai kuma aibin da bai kamata a karɓi ragi a kansa ba, kamar tsagar da ta ratsa ƙashin bayan jirgi, ko ƙasan da ramuka suka cinye. A irin wannan, komai arahar da aka yi, abin da ya fi shi ne a yi sallama da mai kaya a nemi wani. Ga ɗaliban harshe kuwa, kalmomin masunta da maƙeran jirage na Yawuri da Argungu da bakin tafkin Cadi fage ne da ya cancanci a je a tattara daga bakin masu sana'ar.