Yadda ake zaɓar hanyar matse manhajoji, da abin da ya shafi masu kwamfuta a Kafanchan

Duk manhajar da mai amfani da tsarin Linux ya sauke, a matse take zuwa daga rumbun masu rarraba ta. Ana matse ta ne domin ta rage girma a hanya, sannan kwamfutar mai saukewa ta warware ta kafin ta girka. Hanyar matsewar da masu kula da rumbun suka zaɓa ita ke yanke yawan datar da za a ƙona da tsawon lokacin da za a jira.

Lamarin ba baƙo ba ne a kudancin Kaduna. A shekarun 2000 Gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan ta kafa Zittnet, inda ta riƙa raba intanet ɗin tauraron ɗan'adam mai tsada ga maƙwabta ta hanyar da ba ta waya. Yau wayar salula ta sauƙaƙa samun intanet, amma a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data.

Tsohuwar hanya ita ce gzip, wadda ta fito a 1992. Tana da sauri, sai dai ba ta matsewa sosai. Daga baya xz ta zo tana ƙanƙantar da fayil fiye da ita nesa ba kusa ba, har Debian ta mayar da ita hanyarta ta yau da kullum. Aibinta shi ne jinkiri da cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, abin da ya fi damun mai tsohuwar na'ura ta hannu, wadda wutar lantarki ke iya ɗaukewa ana tsakar girkawa.

A 2016 kamfanin Facebook ya saki zstd, aikin injiniya Yann Collet. Fedora ta koma mata a 2019, Ubuntu a 2021. Arch Linux, da ta sanar da nata sauyin a farkon 2020, ta ce jimillar girman manhajojinta ta ƙaru da kusan kashi 0.8 cikin ɗari kacal, yayin da saurin warwarewa ya ninka fiye da sau goma. Ga ɗalibin reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, wannan ciniki ne mai riba: a saukewar megabait 1,000, ƙarin bai wuce megabait takwas ba.

Akwai kuma batun amana. A watan Maris na 2024 injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya gano ɓoyayyar ƙofar kutse da aka cusa cikin xz 5.6.0 da 5.6.1, bayan ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa a kwamfutarsa. An janye su kafin su kai ga yawancin masu amfani. Debian dai ta ci gaba da xz a rumbunta, ko da yake tun Debian 12 na 2023 tsarinta na iya warware zstd.